Kalma da Adadi a Layi Ɗaya: Rubuta Jadawalin Bincike a Fayil Mai Waƙafi

Duk wanda ya taɓa ƙidayar kalmomin wani littafi, ko ya tattara kalmomin wani kari na Hausa, ko ya tsara sakamakon jarrabawar ɗalibai a kwalejin horon malamai, ya san ƙarshen aikin nan jadawali ne: ga kalma ko suna a gida ɗaya, ga adadi a gida na kusa da shi. Muddin jadawalin yana kan takarda babu wata wahala, gama ido yana bin layukan da aka ja, hankali kuma yana rarrabe kalma da adadi ba tare da an gaya masa ba. Wahala ta kan taso ne sa'ad da aka umurci kwamfuta ta rubuta jadawalin a fayil, don a aika wa wani malami a wata jami'a, ko a buɗe shi da wata manhaja dabam. Wannan takarda za ta duba yadda a ke ba da umurnin, da wuraren da aikin ya kan lalace, musamman idan kalmomin na Hausa ne.

Fayil ɗin da aka fi amfani da shi a wannan aiki shi ne wanda a ke kira CSV, baƙaƙe uku na Turanci masu nufin abubuwan da aka raba da waƙafi. Kowane layi na jadawali ya kan zama layi ɗaya a fayil, kowane gida kuma a raba shi da maƙwabcinsa da waƙafi. Alamar nan mai raba gida da gida za mu kira ta shinge, tun da ya ke ba kullum ne ta ke zama waƙafi ba. Dabarar tsohuwa ce a shekarun kwamfuta, gama tun 1972 harshen Fortran na kamfanin IBM yana karɓar bayanai da aka jera ta haka. Amma sai a watan Oktoba na 2005 aka fitad da takardar da ta tara ƙa'idodinta wuri ɗaya, watau RFC 4180, wadda Yakov Shafranovich ya rubuta. Ita ma ba doka ta kafa ba, al'adar da ta tarar ce ta bayyana, sabo da haka har yanzu manhajoji suna saɓa wa juna a kanta.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, a cikin irin wannan fayil babu adadi ko ɗaya. Sa'ad da bayanai su ke cikin shiri, watau jerin umurnin da mutum ya rubuta wa kwamfuta, 1250 adadi ne da a ke iya ƙarawa a raba, "gida" kuwa rubutu ne, kuma shirin ya san bambancinsu. Da zarar an zuba su a fayil wannan sani ya tafi. 1250 ya zama alamomi huɗu a jere, daidai da yadda "gida" ya ke alamomi huɗu a jere. Manhajar da za ta karanta fayil ɗin gobe tana da tambaya biyu a kan kowane gida: ina ya ƙare, kuma mene ne a cikinsa? Tambaya ta farko tana da ƙa'ida. Ta biyu ba ta da ita, kintace kawai a ke yi, kuma yawancin ɓarna daga kintacen nan ta ke fitowa.

Shinge

Manomi ya kan dasa gamba a iyakar gonarsa. Idan gamba ta tsiro a tsakiyar gonar, shi ya san ba iyaka ba ce, amma baƙo zai ɗauka gona biyu ce. Haka waƙafi ya ke. Jimlar misali irin "Zo nan, Audu" tana da nata waƙafi, idan kuwa aka zuba ta a fayil yadda ta ke, mai karantawa zai yanka ta biyu, "Audu" ya faɗa gidan adadi, adadin ya matsa gida na gaba, layin duka ya goce.

RFC 4180 ta warware wannan da ƙa'ida biyu. Duk gidan da ya ƙunshi waƙafi, ko alamar zance, ko karyewar layi, a kewaye shi da alamar zance mai kunne biyu. Idan kuma akwai alamar zance a cikin rubutun kansa, a ninka ta. Ga misali, alƙaluman cikinsa na kwatanci ne kawai, bisa littafin da aka ƙaddara yana da kalmomi 50,000:

    lamba,kalma,misali,yawa,kaso
    001,ƙasa,Ruwa ya kwanta a ƙasa,1250,2.5
    002,nan,"Zo nan, Audu",980,1.96
    003,'ya'ya,"Ta ce, ""Ina 'ya'yan?""",75,0.15

A layin ƙarshe alamomin zance uku ne a jere bayan alamar tambaya: biyu na farko su ne alamar zance ɗaya ta cikin jimla da aka ninka, ta uku ita ce mai rufe gida. Masu nazarin harshe ba baƙi ba ne ga wannan matsala. Ita ce mu ke fuskanta sa'ad da mu ke son mu yi magana a kan kalma maimakon mu yi magana da ita, dole mu sa wata alama mai nuna cewa ambatonta kawai mu ke yi.

Waɗansu su kan guje wa waƙafi su ɗauki tab ya zama shinge, watau alamar tsallake da ke gefen hagu na allon bugu. Ga jadawalin da ya ke cike da jimloli wannan zaɓi ne mai kyau, gama tab ba ya shiga jimla sai bisa kuskure. Abin mamaki kuwa, tsarin ASCII da aka fara fitarwa a 1963 ya keɓe alamomi huɗu, masu lamba 28 zuwa 31, don wannan aiki na rabewa kaɗai. Ba su karɓu ba, sabo da ba su da maɓalli a allon bugu, ido kuma ba ya ganinsu a fayil.

Umurnin rubutawa

Hanyar da kowane ɗan koyo ya ke fara bi ita ce ya haɗa gidajen da hannunsa: kalma, waƙafi, adadi, waƙafi, har ƙarshen layi. Tana aiki lafiya lau har ranar da jimla mai waƙafi ta shigo. Hanya ta biyu ita ce ya nemi umurnin da aka tanada don rubuta jadawali, ba tare da ya lura cewa jadawalin adadi zalla aka tanade shi ba. A MATLAB, tsofaffin umurnin csvwrite da dlmwrite suna ɗaukar kalma a matsayin jerin baƙaƙe, sabo da haka idan aka ba su "gida" sai su rubuta g,i,d,a, kowane baƙi da gidansa. Idan kuma aka cusa kalma da adadi a jeri ɗaya, adadin ya kan rikiɗe ya koma baƙin da ke da wannan lamba, 65 ya zama A. Ban da wannan, idan ba a ce musu kome ba, alƙaluma biyar kawai su ke tsarewa, har 123456 ya fito a matsayin 1.2346e+05, alƙalamin ƙarshe ya salwanta. Maganin a MATLAB shi ne writetable, wanda ya shigo a 2013, ko writecell na 2019. NumPy na harshen Python yana da irin wannan hali: jerinsa iri ɗaya ya ke riƙewa, idan an haɗa masa kalma da adadi sai ya mayad da duka rubutu, umurninsa na savetxt kuma adadi ya ke tsammani in ba an tsara masa siffar kowane gida ba.

Dalilin duka ɗaya ne. Jerin lissafi abu iri ɗaya ya ke ɗauka daga farko har ƙarshe, layin jadawalinmu kuwa gauraye ne. Abin da a ke bukata shi ne marubucin da zai duba kowane gida shi kaɗai. Python yana da shi tun 2003, sunansa csv:

    import csv

    with open("kalmomi.csv", "w", newline="",
              encoding="utf-8") as fayil:
        marubuci = csv.writer(fayil)
        marubuci.writerow(["lamba", "kalma", "misali", "yawa", "kaso"])
        marubuci.writerow(["002", "nan", "Zo nan, Audu", 980, 1.96])

Marubucin nan da kansa zai sa alamar zance inda ta wajaba, ya ninka ta inda ta wajaba, ya mayad da 980 rubutu. Kalmar newline="" tana hana Windows ƙara tata alamar ƙarshen layi a kan wadda marubucin ya riga ya sa; in an manta da ita sai a ga layi wofi tsakanin kowane layi biyu. Batun encoding yana gaba. A lura kuma da cewa "002" an ba da shi cikin alamar zance, 980 kuwa a sake, kuma da gangan ne.

Adadi da lamba

Hausa ta yi mana wani rabo mai amfani a nan. Adadi shi ne abin da a ke ƙirgawa, a ƙara, a ɗebe. Lamba kuwa shaida ce, kamar lambar mota, da lambar waya, da lambar ɗalibi a rajista. Ba wanda ya ke haɗa lambar wayarsa da ta maƙwabcinsa ya raba biyu. Lamba suna ce da aka rubuta da alƙaluman lissafi, kuma a matsayin rubutu ya kamata shiri ya riƙe ta. Idan aka ɗauke ta adadi, sifirin farko ya faɗi: 002 ya koma 2, lambar waya mai farawa da 080 ta koma mai farawa da 80. Excel kuma alƙaluma 15 kaɗai ya ke tsarewa a adadi, duk abin da ya wuce nan sifiri ya ke mayad da shi, doguwar lamba ta lalace ba tare da wani gargaɗi ba.

Marubucin csv yana da zaɓi mai suna QUOTE_NONNUMERIC, wanda ke kewaye duk abin da ba adadi ba da alamar zance, ya bar adadi a sake. Dabara ce mai kyau, gama tana mayad da ɗan abin da ya ɓace na bambancin kalma da adadi, idan mai karantawa ya san da ita. Amma Excel ba ya kula da wannan bambanci; ko an kewaye "002" zai cire alamar ya yi nasa kintace. Haka zai ɗauki 3-4, da mu ke nufin shafi na 3 zuwa na 4, ya mayad da shi kwanan wata. Kada a raina wannan. A 2016 Mark Ziemann da abokan aikinsa sun duba takardun kimiyyar ƙwayoyin gado masu ɗauke da jadawalin Excel, suka tarar kusan ɗaya bisa biyar suna da sunayen da aka mayar kwanan wata, kamar SEPT2 da ya koma 2 ga Satumba. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sake sunayen waɗansu don kawai su tsira. A 2023 Microsoft ta ƙara zaɓin hana irin wannan juyi, sai dai zaɓin yana hannun mai buɗe fayil, ba mai rubuta shi ba.

Adadi na gaskiya ma yana da nasa sharaɗi. A rubutun yau da kullum mu kan sa waƙafi a dubbai, mu rubuta 1,250. A fayil a bar shi 1250, in ba haka ba ko dai ya tsage gida biyu, ko a kewaye shi ya zama rubutu. Sa'an nan ga batun da ya shafi duk mai aiki da malaman Yamai ko Damagaram. A Nijeriya mu kan rubuta biyu da rabi 2.5, a Nijar kuwa, bisa al'adar Faransanci, 2,5. Tun da waƙafi ya riga ya sami aiki a cikin adadi, Excel da aka saita da Faransanci waƙafi mai ruwa ya ke ɗauka shinge. Fayil ɗin Kano idan ya buɗe a Maraɗi sai a ga layi duka ya cunkushe a gida ɗaya. Harshen R ya tanadi umurni biyu sabo da wannan, write.csv da write.csv2. A ganina ya fi kyau a tsaya kan ɗigo a cikin fayil, a gaya wa mai karɓa, maimakon a riƙa kwafi biyu da za su saɓa daga baya.

Kaso irin 1.96 kuwa, gara a rubuta adadin da aka samo shi daga gare su, watau 980 da 50000, ko da an rubuta shi ma. Kwamfuta da ƙidayar bibbiyu ta ke riƙe ɓangaren adadi, shi ya sa 0.1 da 0.2 a Python su ke ba da 0.30000000000000004. Wanda ya datse wutsiyar ya yi asarar wani abu, wanda ya bar ta ya cika fayil da alƙaluman da ba su da ma'ana, amma cikakken adadi ba ya canzawa. A kuma bambanta sifiri da gida wofi. Sifiri yana nufin an nemi kalmar ba a same ta ba, wofi yana nufin ba a nema ba. Malamin da ya cike wofi da sifiri a jadawalin jarrabawa ya kayad da ɗalibin da bai zauna jarrabawar ba.

Tarkon da ya keɓanta da Hausa

ASCII alamomi 128 ne, babu ɓ, ɗ, ƙ, ko ƴ a cikinsu. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya ba su lamba, UTF-8 kuma, da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, shi ne hanyar da aka fi rubuta lambobin a fayil. A UTF-8 kowane baƙi mai ƙugiya bayit biyu ya ke ci. Idan ba a ambaci encoding ba, sigogin Python da yawa a kan Windows su kan ɗauki tsohon tsarin Yammacin Turai, wanda ba shi da waɗannan baƙaƙe, shirin ya tsaya cik a kalmar farko mai ƙugiya. Wannan ma da sauƙi, gama an ga kuskuren. Idan kuwa an rubuta da UTF-8 amma aka karanta da tsohon tsarin, bayit biyun nan su kan fito a matsayin alamomi biyu: "ƙasa" ta zama "Æ™asa", "ɗaki" ya zama "É—aki". Excel ya kan faɗa wannan rami idan an buɗe fayil kai tsaye, sai in an sa masa wata shaida ta bayit uku a farkon fayil, wadda Python ke sawa idan an ce encoding="utf-8-sig".

Mafita mafi muni ita ce wadda ta fi sauƙi, watau a cire ƙugiyoyin. Ƙasa ta haɗu da kasa, baƙi da baki, ƙafa da kafa, ɗaka da daka. A jadawalin ƙidaya illar ba ta tsaya kan rubutu ba, gama shirin da ke tara kalmomi iri ɗaya zai haɗa adadinsu, a sami adadi mai kyan gani wanda ba na kowace kalma ba ne.

Alamar hamza tana da siffa uku a Unicode masu kama da juna: miƙaƙƙiya ta allon bugu, da lanƙwasasshiya da manhajojin rubutu ke sauyawa da kansu, da wata ta uku da aka ƙidaya cikin baƙaƙe. Ga kwamfuta "sa'a" da aka rubuta da kowace ɗaya kalma ce dabam. Miƙaƙƙiyar kuma tana da wani aiki a Excel: idan ta zo a farkon gida, alama ce mai cewa abin da ke biye rubutu ne, sai a haɗiye ta. Wanda ya buga 'ya da hannu a gidan Excel, ya adana a CSV, "ya" zai samu. Rubutun Nijar, mai amfani da ƴ, ya tsira daga wannan. Haka mai jera ɗafa-ƙeya irin -una da -ai zai tarar Excel ya ɗauki karan ɗorin alamar ɗebewa, ya nemi yin lissafi, ya rubuta #NAME? a gurbinsu.

Akwai wanda ya fi waɗannan ɓoyuwa. Kayan aikin pandas, da masu ƙididdiga ke karanta CSV da shi a Python, yana da jerin kalmomin da ya ke ɗauka alamar gida wofi, cikinsu har da "nan", wadda a Turancin kwamfuta taƙaitawa ce ta "ba adadi ba ne". Sabo da haka kalmarmu "nan" ta kan ɓace daga jadawali, adadinta ya rage ba mai shi, idan kuma aka umurci shirin ya zubad da layukan da ba su cika ba, layin duka ya tafi. Alamar zance ba ta ceton ta. Sai mai karantawa ya ce keep_default_na=False. NA da manyan baƙaƙe ma tana cikin jerin, R kuma haka ya ke yi da ita, abin lura ga mai rubuta kalmomin ƙamus da manyan baƙaƙe.

Masu sa alamar karin sauti da tsawon wasali suna da ƙarin aiki. Wasalin à ana iya rubuta shi da alama ɗaya, ko da a wadda aka ɗora wa alamar karin ƙasa, ido ba ya bambanta su amma shiri yana bambantawa. Kafin a rubuta fayil sai a daidaita su duka zuwa siffar da a ke kira NFC. Ko bayan haka, dogon wasali mai karin ƙasa yana da alama guda ga e da o, amma ba shi da ita ga a, i, da u. Wanda ya sa gidan "yawan baƙaƙen kalma" a jadawalinsa, ya bar shiri ya ƙirga masa alamomi, adadinsa zai haura a waɗansu kalmomi ya daidaita a waɗansu.

Tun da fayil ba ya iya faɗin abin da ke cikin gidajensa, sai a haɗa shi da 'yar takarda mai faɗin shingen da aka ɗauka, da tsarin baƙaƙe, da alamar ɓangaren adadi, da ma'anar gida wofi, da gidajen da su ke lamba ba adadi ba. Kafin a zuba jadawali mai girman ƙamus ɗin Bargery na 1934, mai kalmomi wajen 39,000, inda ba mai iya duba kowane layi da ido, a fara gwadawa da layi bakwai ko takwas da aka zaɓa da gangan: ɗaya mai ƙ, ɗaya mai farawa da hamza, ɗaya mai "nan", ɗaya mai -una, ɗaya mai waƙafi da alamar zance a jimla, ɗaya mai lamba 002, ɗaya mai gida wofi. A rubuta su, a sake karanta su da manhajar da mai karɓa zai yi amfani da ita, sa'an nan a sa shiri ya gwada abin da ya dawo da abin da ya tafi, gida da gida.